KUƊIN RASHIN AIKI A BIRTANIYA: ABIN DA YA KAMATA MIJI DA MATA SU SANI

A ƙasar Birtaniya, idan mutum ya rasa aikinsa, Gwamnati ta kan ba shi wani abu da zai riƙe kansa da iyalinsa kafin Allah ya buɗa masa wata ƙofa. Hausawa da sauran mutanen Afirka ta Yamma da su ke zaune a Landan da Manchesta da sauran biranen ƙasar, waɗanda doka ta ba su izinin karɓa, su ma su kan nemi wannan taimako idan ta kama. Amma akwai wani wuri guda inda mutane da yawa su kan yi tuntuɓe, watau wajen maganar zama tare. Mutum ya kan karɓi kuɗi wata da watanni hankalinsa kwance, sai ran nan takarda ta iso masa, a ce an biya shi fiye da haƙƙinsa, lalle ya mayar.

Tushen al'amarin guda ne. Gwamnati ba ta lissafa miji dabam, mata dabam. Tukunyarsu ɗaya ta ke dubawa. Wanda ya fahimci wannan, ya kuma saba da gaya wa ofis duk abin da ya sāke a gidansa tun da wuri, ya tsira daga bashi mai nauyi.

ASALIN WANNAN TSARI

A shekara ta 1911 ne Majalisar Birtaniya ta fara kafa dokar inshorar rashin aiki. A lokacin ba ta game kowa ba, sai ma'aikata wajen miliyan biyu da kwata na waɗansu sana'o'i, kamar magina da masu ƙera jiragen ruwa. Wanda aiki ya yanke masa a kan ba shi sule 7 a mako, har mako 15 cikin shekara. A 1920 aka faɗaɗa dokar ta haɗa yawancin masu aikin albashi.

Da kasuwar duniya ta faɗi, marasa aiki suka yi yawa, sai a 1931 aka shigo da binciken gida. Ma'aikacin hukuma ya kan zo ya ƙididdige abin da kowa ke samu a gidan, har da albashin 'ya'ya maza da mata, a rage taimakon uba gwargwadon haka. Mutane sun ƙi jinin wannan bincike ƙwarai, domin ya sa samari da yawa sun bar gidajen iyayensu don kada a yanke wa tsofaffinsu abinci. A 1941 aka daina lissafa samun 'ya'ya da sauran dangi ta wannan hanya, amma aka bar na miji da mata a haɗe.

Bayan rahoton da Sir William Beveridge ya rubuta a 1942, aka kafa sabon tsari wanda ya fara aiki ran 5 ga watan Yuli, 1948. Tun daga nan sunan taimakon ya yi ta sākewa, a 1966, da 1988, da 1996. Dokar 2012 kuwa ita ta haifi wanda a ke kira Universal Credit, wanda aka fara gwadawa a 2013, ya kuma kai ga dukan ofisoshin neman aiki a ƙarshen 2018. Ya haɗiye taimako iri shida na dā, har da na kuɗin haya. Ma'aikatar Ayyuka da Fensho ita ke riƙe da shi a Ingila da Sikotilan da Wales. Ailan ta Arewa tana da nata ofis, amma ƙa'idodin kusan ɗaya ne. Duk wannan sāke-sāken suna bai taɓa ƙa'idar 1941 ba: miji da mata gida ɗaya ne.

TAIMAKO IRI BIYU

Wajibi ne a rarrabe tsakanin taimako iri biyu, gama hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Na fari shi ne kuɗin mai neman aiki, wanda Turawa ke kira Jobseeker's Allowance sabon salo. Wannan haƙƙin gumin mutum ne, domin sai wanda aka yanki isasshen kuɗin inshorar ƙasa daga albashinsa cikin shekarun haraji biyu da suka gabata ya ke samunsa. A kan biya shi har kwana 182, watau kamar wata shida. Ba a duban albashin matar mutum ko ajiyarta, haka kuma idan mace ce mai nema ba a duban na mijinta. Kowa da kansa ya ke nema.

Na biyu shi ne Universal Credit, wanda za a riƙa kira taimakon gida a nan gaba. Wannan ba ruwansa da ko mutum ya taɓa biyan inshora. Bukatar gida a ke aunawa, a biya wata-wata. Saboda haka dole miji da mata su nema tare. Kowannensu ya kan buɗe nasa shafi a intanet, a ba su wata lamba da za ta ɗaure shafukan biyu, kowannensu kuma ya amince da sharuɗɗan da aka ɗora masa. Kuɗin ya kan faɗa cikin asusun banki guda, sai dai in akwai dalili mai ƙarfi, kamar inda ɗaya ke zaluntar ɗaya, sa'an nan a na iya roƙon a raba. Biyan farko ya kan ɗauki kamar mako biyar. Wanda ke karɓar iri biyun gaba ɗaya, a kan cire na farkon daga cikin na biyun, fam da fam.

A wajen taimakon gida ne kusan dukan rikicin zama tare ya ke tasowa.

SU WA A KE ƊAUKA MIJI DA MATA?

Doka ta ambaci mutane iri biyu: waɗanda aka ɗaura wa aure su ke kuma zaune gida ɗaya, da waɗanda ba su da takardar aure amma su ke zaune tare kamar ma'aurata. Hukuncinsu ɗaya ne. Dalilin Gwamnati shi ne kada wanda ya yi aure ya zama ya fi wanda bai yi ba hasara.

Idan aka yi shakka, ma'aikacin da ke yanke hukunci ya kan dubi alamu shida waɗanda kotunan ƙasar suka daɗe da amincewa da su:

1. Ko gida ɗaya su ke zaune, su na ci su na sha tare.
2. Ko zaman nasu tsayayye ne, ko kuwa na ɗan lokaci.
3. Yadda su ke sarrafa kuɗi: wa ke biyan haya, wa ke cefane, ko asusunsu ɗaya.
4. Ko akwai mu'amalar aure tsakaninsu.
5. Ko su na da 'ya'ya tare, ko su na renon yara tare.
6. Yadda maƙwabta da dangi da hukumomi suka san su.

Ba alama ɗaya da ke yanke magana ita kaɗai, duka a ke haɗawa a auna. Mutum biyu da suka haɗa kuɗi suka kama hayar gida don sauƙi, kowa da ɗakinsa da tukunyarsa, ba ma'aurata ba ne. Wa da ƙanwa ma haka. Miji da mata da suka rabu da gaske amma rashin wurin zuwa ya tilasta musu zama ƙarƙashin rufi ɗaya, a na iya ɗaukar kowannensu shi kaɗai, in sun nuna kowa harkarsa ya ke yi.

Akwai wata magana da ta bazu a bakin mutane, wai muddin mutum bai wuce kwana uku a mako a gidan mace ba, ba a lissafa shi mazaunin gidan. Wannan magana ba ta cikin doka ko kaɗan, ta kuwa jefa mutane da yawa cikin bashi. Har wa yau, tafiya ta ɗan lokaci ba ta raba ma'aurata. Mijin da aiki ya kai shi wani gari, muddin ba a sa ran rabuwar za ta wuce wata shida ba, yana nan cikin lissafin gidan, shi da albashinsa.

ABUBUWA HUƊU DA SUKA FI SHAFAR BAƘI

Na ɗaya, auren masallaci. A Ingila, auren da aka ɗaura ba tare da cika sharuɗɗan rajistar hukuma ba, kotu ba ta ɗaukarsa aure a wajen saki da rabon dukiya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da haka a 2020. Waɗansu su kan ji wannan su zaci ofishin taimako ma zai ɗauke su marasa aure. Kuskure ne babba. Tun da su na zaune tare kamar ma'aurata, ofis ya ɗauke su gida ɗaya daga ranar da amarya ta tare.

Na biyu, mata fiye da ɗaya. Ba a ɗaura aure na biyu bisa dokar Birtaniya, amma tana iya amincewa da wanda aka ɗaura a ƙasar da dokarta ta yarda da shi. Inda irin wannan iyali su ke zaune gida ɗaya, miji da uwargida su ne ke nema tare, amarya kuwa ta nemi nata ita kaɗai.

Na uku, takardar izinin zama. Yawancin ɗalibai da waɗanda suka shiga da bizar aiki ko ta aure, an rubuta musu cewa ba su da rabo cikin kuɗin jama'a. Taimakon gida yana cikin abin da aka hana su, wanda ya karɓa kuwa yana iya ɓata takardarsa. Idan miji yana da izinin karɓa matarsa ba ta da shi, a kan biya shi gwargwadon mutum ɗaya, amma duk da haka a na lissafa albashinta da ajiyarta. Dole ya ambace ta.

Na huɗu, dukiyar da ke gida. Fili ko gida ko kuɗin banki da mutum ko matarsa suka mallaka a Kano ko Damagaram ko Kumasi, doka tana lissafa su cikin dukiyar gidan kamar a Landan su ke. Wanda ya ɓoye su, ranar da aka gano, bashin zai koma tun daga farko.

YADDA KUƊI KE WUCE HAƘƘI

Lissafi zai fi bayyana al'amarin. Adadin da ke biye na shekarar kuɗi ce daga Afrilu 2025 zuwa Maris 2026, gama kowane watan Afrilu a kan sāke shi. Fam ɗin yanzu kwabo 100 ne. An bar kuɗin haya da na yara a gefe don sauƙin ganewa.

A wannan shekara, mutum ɗaya mai shekara 25 ko fiye yana samun fam 400 da kwabo 14 a wata. Miji da mata kuwa, in ɗayansu ya kai shekara 25, fam 628 da kwabo 10 su biyu. Gwamnati ta ɗauka cewa mutum biyu masu fitila ɗaya da murhu ɗaya ba su kashe abin da gida biyu ke kashewa.

Misali na fari. A ce namiji da mace duka ba su da aiki, kowa yana karɓar nasa, sai suka yi aure ba su faɗa ba. Abin da ke shigo musu fam 800 ne da kwabo 28, alhali haƙƙinsu fam 628 da kwabo 10. Kowane wata fam 172 da kwabo 18 sun hau kansu. Shekara guda ta yi, bashin ya kai aƙalla fam 2,066.

Misali na biyu. A ce miji ba shi da aiki, matar kuwa tana kawo fam 1,000 a wata bayan haraji, ba su da yara. Ƙa'ida tun daga ƙarshen 2021 ita ce a rage kwabo 55 daga taimako a kan kowane fam na albashi. Watau za a cire fam 550, haƙƙinsu ya zama fam 78 da kwabo 10 kaɗai. In mijin ya ci gaba da karɓar fam 400 da kwabo 14 a matsayin gwauro, kowane wata ya ci fam 322 da ba nasa ba. Cikin wata shida bashin ya haura fam 1,900.

Misali na uku, ajiya. Gidan da ajiyarsa ba ta wuce fam 6,000 ba, ba a taɓa taimakonsa. Daga nan zuwa fam 16,000 a kan rage fam 4 da kwabo 35 a wata a kan kowane fam 250. Abin da ya haura fam 16,000 kuwa ya rufe ƙofa gaba ɗaya. Wannan iyaka ɗaya ce ga mutum ɗaya da ga mutum biyu. To, namiji mai fam 9,000 da mace mai fam 9,000, kowannensu yana da haƙƙi sa'ad da ya ke shi kaɗai. Ranar da suka haɗu ajiyarsu ta zama fam 18,000, ba su da haƙƙin ko kwabo. Duk abin da suka karɓa bayan nan, har da na haya, bashi ne.

Kada a yi tsammanin shiru zai daɗe yana rufa asiri. Masu ba da aiki su na aika wa ofishin haraji labarin albashi duk lokacin da suka biya, ofishin haraji kuma yana miƙa wa Ma'aikatar Ayyuka. Adireshin da mutum ya bayar a wurin aiki, ko a banki, ko wajen harajin gida, duk a na iya gwama su. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

YADDA A KE KARƁAR BASHIN

A ƙarƙashin tsarin dā, galibi ba a tilasta wa mutum ya mayar sai in shi ne ya faɗi abin da ba daidai ba, ko ya ƙi faɗin abin da ya kamata. Dokar 2012 ta sāke wannan. A taimakon gida da kuɗin mai neman aiki sabon salo, duk abin da aka biya fiye da haƙƙi a na iya karɓarsa, ko da kuskuren na ofis ne. Saboda haka wanda ya ga kuɗinsa bai ragu ba bayan ya ba da labarin aurensa, kada ya ɗauka sa'a ce. Ya ajiye rarar a gefe, ya sāke tambaya.

Abu na biyu mai nauyi shi ne, inda aka nema tare, bashin yana kan su biyun. A na iya bin kowannensu, ko da ɗaya ne ya riƙe katin banki, ko da kuwa sun rabu daga baya. Mace da ta bar wa miji dukan harkar takardu, ba ta taɓa buɗe shafinta ba, tana iya wayar gari da bashin da ba ta ci ba. Ya kamata kowannensu ya riƙa duba lissafin wata da idonsa.

Hanyar karɓa ta fari ita ce yanka daga taimakon da ke zuwa. Daga ƙarshen Afrilu 2025 aka rage iyakar yankan daga kashi 25 zuwa kashi 15 cikin ɗari na ainihin kuɗin wata. Ga ma'auratan misali na fari, wannan kamar fam 94 ke nan a wata, za su kuwa yi kusan wata 22 su na biyan shirun shekara ɗaya. Wanda ya sami aiki bai kuɓuta ba, gama Ma'aikata tana da ikon umartar mai gidan aikinsa ya yanka daga albashi ba tare da an je kotu ba.

TARA DA HUKUNCI

Doka ta bambanta sakaci da zamba. Wanda ya yi sakaci, bai ba da labari ba kuma ba shi da hanzari mai kyau, a na iya ɗora masa tarar fam 50 bisa bashin. Wanda a ke zargi ya ɓoye da gangan kuwa, a kan kira shi a yi masa tambayoyi bayan an gargaɗe shi cewa maganarsa tana iya zama shaida a kotu, a na kuma ɗaukar muryarsa. Yana da ikon zuwa da lauya. Daga nan a na iya ba shi zaɓin biyan tara maimakon gurfana gaban alƙali: rabin abin da ya ci, ba ƙasa da fam 350 ba, ba kuma fiye da fam 5,000 ba, ban da ainihin bashin. In abin ya yi girma sai kotu, inda hukunci ke iya kaiwa ga ɗauri. Ga baƙo kuma akwai wata hasarar, domin irin wannan laifi yana iya tsaya masa a gaba ranar da ya nemi zama ɗan ƙasa.

IDAN MUTUM BAI YARDA BA

Ofis ma ya kan yi kuskure. Ya kan ɗauki ɗan haya a matsayin miji, ko ya sa ranar tarewa ba daidai ba, ko ya ɓata lissafi. Wanda takardar bashi ta zo masa yana da wata ɗaya ya roƙi Ma'aikata ta sāke duba hukuncinta. In akwai dalilin jinkiri mai kyau, a na iya karɓar roƙon har zuwa wata 13. Idan amsar ba ta gamsar da shi ba, yana da wata ɗaya kuma ya kai kuka gaban kotun sauraron irin waɗannan ƙararraki, wadda ba ta ƙarƙashin Ma'aikata, ba a kuwa biyan ko kwabo wajen shigar da ƙara.

Shaida ita ce makaminsa: takardar haya, da takardun wuta da ruwa, da lissafin banki, da wasiƙun da ke nuna inda kowa ya ke zaune da tun yaushe. Wanda ya amsa bashin amma yankan ya fi ƙarfinsa, yana iya roƙon a sassauta abin da a ke cirewa kowane wata. Ma'aikata tana kuma da ikon yafewa inda biyan zai jawo wahala mai tsanani ko ya taɓa lafiyar iyali, ko da ya ke ba kasafai ta kan yi haka ba, sai an roƙa da hujja. Ƙungiyar Citizens Advice, wadda aka kafa tun 1939, tana ba da shawara kyauta a kan dukan waɗannan. Wanda Turancinsa bai nuna ba yana iya neman a kawo masa tafinta.

ABIN DA YA KAMATA A RIƘE

Ranar da wani ya tare a gidan mai karɓar taimako, ko ya fita, ko aka ɗaura aure, ko aka rabu, ko aka haihu, ko ɗaya ya sami aiki, ko gādo ya faɗo, a ba da labari a ranar, ta wurin da aka tanada a shafin intanet don sanar da canji. A rubuta kwanan wata, a kuma adana shaidar cewa an faɗa. Tun da wata-wata a ke lissafi, canjin da ya auku a tsakiyar watan lissafi galibi a kan ɗauke shi tun daga farkon watan, don haka jinkirin 'yan kwanaki ma yana iya zama kuɗi.

Wanda bai tabbata ko zamansa ya shiga hukuncin ma'aurata ba, ya bayyana wa ofis yadda abin ya ke a rubuce, ya bar su su yanke, gama matambayi ba ya ɓata. Wanda kuma ya riga ya makara, gara ya je da ƙafarsa yau da a aiko masa gobe. Bashin wata biyu ya fi na shekara biyu sauƙin biya, kuma wanda ya kai kansa ba a kan dube shi da idon da a ke duban wanda aka kamo ba.